Haɗa wayar ofis da manhajar kwastomomi: mu kafa namu ko mu yi haya?

Sagir_Kod:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin da nake yi wa aiki yana da manhajar kula da kwastomomi da muka rubuta da kanmu, sannan akwai ma'aikata kusan 30 masu amsa waya. Yanzu wayar daban take, manhajar daban. Kwastoma ya kira, sai an tambaye shi sunansa, a buga a nemo shi, a gama magana, sannan a rubuta abin da aka tattauna, in an tuna ke nan. Oga yana so da zarar waya ta yi ƙara bayanan mai kiran su fito a allo, ma'aikaci ya riƙa danna lamba daga cikin manhajar ya kira, kuma kowane kira ya shiga tarihin kwastoman da kansa tare da muryar da aka naɗa.

Hanya biyu nake gani. Ko mu kafa Asterisk, manhajar sarrafa wayoyin ofis, a sabarmu, ko mu yi hayar API, wato ƙofar da manhajarmu za ta riƙa magana da tsarin wayar wani kamfani irin su Twilio. Ni a ganina aikin bai taka kara ya karya ba, lamba ce za ta shigo, a neme ta a rumbun bayanai, a nuna. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam. Malam Sagir, wannan jimlar taka ta ƙarshe ta ba ni dariya, don kowa da ita yake farawa. Fito da katin kwastoma a allo shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da ka lissafa. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ka fara riƙe wannan: kiran waya ta intanet abu biyu ne da ke tafiya ta hanya daban-daban. Akwai SIP, shi ne mai cewa ga kira ya shigo, waya tana ƙara, an ɗauka, an kashe. Sannan akwai RTP, shi ke ɗauke da muryar kanta. Manhajarka ba ruwanta da muryar, labarin kiran kawai take buƙata. In Asterisk ka zaɓa, ƙofa biyu za ka duba. AMI tana zubo maka duk abin da ke faruwa a rubuce ta tashar 5038, kuma ta nan za ka iya ba da umarnin a kira lamba. ARI kuwa, wadda ta zo da Asterisk 12 a 2013, tana ba ka damar riƙe kiran gaba ɗaya a hannun manhajarka. Ga abin da ka faɗa, AMI ta wadatar. Kada ka bi tsofaffin darussan da ke amfani da chan_sip, tsohon sashen da ke kula da SIP, an cire shi a Asterisk 21, PJSIP ake yi yanzu.

Hauwa_Dev:
Kafin a kai ga Asterisk ko wani abu, Sagir, buɗe rumbun bayananku ka kalli yadda aka rubuta lambobin waya. Na rantse za ka ga wata ta fara da sifili, wata da alamar tarawa da lambar ƙasa, wata da lambar ƙasa ba alamar, wata da tazara a tsakiya, wata kuma lamba biyu ce aka cusa a gida ɗaya aka raba da waƙafi. Kamfanin layi kuma zai turo maka lambar mai kira a sigar da ya ga dama. In ka kwatanta su kai tsaye, tsohon kwastoma zai fito maka a matsayin baƙo.

Ka mayar da kowace lamba tsarin E.164, wato lambar ƙasa a gaba, kuma duka ba ta wuce lambobi 15. Akwai libphonenumber na Google, kyauta ne, shi zai yi maka wannan aikin. Ka ƙara gida na musamman a rumbun don tsaftatacciyar lambar, ka bar wadda aka shigar da hannu yadda take.

abba_m:
Gaskiya Hauwa ta faɗi abin da yake. Sai kuma lamba ɗaya da mutum uku ke amfani da ita, ko kamfani guda da duk ma'aikatansa ke fitowa da lambar babban layi. Katin wa za ka nuna?

Hauwa_Dev:
Jerin sunayen za ka nuna, ma'aikacin ya zaɓa. Kada manhaja ta yi masa canke.

dan_sabar:
Ni dai shawarata ka yi haya ka huta. Sabar waya ba irin sabar shafin intanet ba ce da za ta faɗi da dare ka gyara da safe. Ka buɗe tashar 5060 ta SIP ga duniya ka duba rajistar sabar bayan ɗan lokaci, za ka tarar da na'urori suna ta gwada sunaye da kalmomin sirri ba dare ba rana. In suka dace da ɗaya, sai su riƙa zuba kira zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada, waɗanda su ma suna da kaso a kuɗin. Sun fi son daren Juma'a zuwa Lahadi lokacin da babu kowa a ofis. Na san wani kamfani da aka yi wa haka, ranar Litinin suka wayi gari da bashin da ya fi na watanni da yawa a haɗe, kuma kamfanin layin ya ce ba ruwansa, daga na'urarku kiran ya fito.

Da API na haya, su ke fama da wannan. Kai naka shi ne ka ba su adireshi, kira ya shigo su turo maka saƙo, ka mayar musu da amsar abin da za a yi da shi.

Injiniya_Bashir:
@dan_sabar, satar gaskiya ce, amma maganinta sananne ne. A rufe tashar sai ga adireshin kamfanin layi, a sa fail2ban mai toshe duk wanda ke ta gwada kalmar sirri, a hana kiran ƙasashen da ba a hulɗa da su, a sa iyakar kira nawa za su fita a lokaci guda. Kuma haya ba ta raba ka da ɓarayi ba. In makullin API ɗinka ya fita, misali wani ya manta shi a cikin lambobin manhaja da aka ɗora a fili, abin da zai faru ɗaya ne.

Malam_Tukur:
Ina karanta ku ina murmushi, domin wannan muhawarar ta girmi da yawa daga cikinku. A 1993 Microsoft da Intel suka fito da TAPI don kwamfuta ta iya sarrafa waya. AT&T da Novell suka yi nasu TSAPI, ƙungiyar ECMA ta Turai tana da CSTA, mutanen Java kuma suka zo da JTAPI. Mun yi aiki da wasunsu lokacin da akwatin wayar ofis yake cin bango guda, kuma kowane mai ƙera shi yana da nasa yaren.

Abin da nake so Sagir ya ɗauka daga wancan zamanin shi ne bambancin da muke yi tsakanin iko iri biyu. Na farko, kwamfutar ma'aikaci ita ke magana da wayar da ke kan teburinsa, ba ta san komai ba sai kiransa. Na biyu, saba ɗaya ce a tsakiya take ganin dukkan layuka, ita ke rarraba labari. Na farkon ya fi saurin kafawa, shi ya sa mutane ke faɗa masa. Amma ranar da ma'aikaci ya rufe burauzarsa ana tsakiyar kira, ko kwamfutarsa ta mutu, kiran ba zai shiga tarihi ba. Ka yi na biyun. Rubuta tarihin kira aikin saba ne, allon ma'aikaci nuni kawai yake yi.

Sunaye sun canza, Mark Spencer ya fito da Asterisk a 1999, SIP da muke amfani da shi ya zauna a kundin ƙa'ida RFC 3261 a 2002, Twilio ta zo a 2008, amma wannan tambayar tana nan yadda take.

Sagir_Kod:
Allah ya ƙara girma, Malam. Wallahi a burauza na yi niyyar sa komai.

Ummi_Kulawa:
Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, masu amsa waya nake shugabanta, don haka bari in faɗi abin da ku injiniyoyi ba ku cika gani ba. An taɓa kawo mana irin wannan tsarin daga wani kamfani. Ranar gwaji komai lafiya lau, waya ta yi ƙara, kati ya fito, kowa ya tafa. Da aka fara aiki na gaske sai ga matsala. Kwastoma ya kira, ya yi wa yarinyar farko bayani na minti biyar, ta ga maganar ta sashen kuɗi ce, ta miƙa kiran. A allon na sashen kuɗi sai sunan yarinyar ya fito maimakon na kwastoma, don a wurin na'urar ita ce ta kira shi. Sai bawan Allah ya sake bayani daga farko, ransa a ɓace. Da yamma in na ciro rahoto, kira ɗaya ya zama uku.

Na biyu, katin yana faɗowa ne a kan abin da ma'aikaci yake rubutawa. Tana cikin rubuta bayanin kiran da ta gama, sabon kira ya shigo, allon ya sauya, rubutun ya tafi. Cikin ɗan lokaci sai na ga duk sun koma ajiye takarda da biro a gefe. Don Allah ka ba su 'yan daƙiƙu bayan kowane kira kafin wani ya shigo, kuma katin ya fito a gefe, sai an danna ya buɗe.

Injiniya_Bashir:
Yauwa Hajiya Ummi, kin taɓo inda nake nufi tun farko. A wurin ɗan kasuwa kira ɗaya ne: wane ya kira, an warware masa ko ba a warware ba. A wurin na'ura kuwa ƙafafu ne. Ƙafa ɗaya daga mai kira zuwa saba, wata daga saba zuwa wayar ma'aikaci. In wayoyi biyar suka yi ƙara tare, ƙafa biyar ke nan, huɗu za su mutu ɗaya ta rayu. A Asterisk kowace ƙafa tana da Uniqueid nata, sai Linkedid da ke ɗaure su. Wanda ya gina tarihinsa a kan Uniqueid shi ke samun kira ɗaya ya zama uku.

Miƙa kira kuma iri biyu ne. Akwai wanda za ka tura kawai ka ajiye, wannan da sauƙi. Akwai wanda za ka sa kwastoma ya jira, ka kira abokin aikinka ka yi masa bayani, sannan ka haɗa su. A wannan na biyun, kiran da ka yi wa abokin aikin sabon kira ne mai zaman kansa, sai a ƙarshe suke haɗewa. Dole manhajarka ta saurari sanarwar AttendedTransfer ta ɗinke su da kanta. Masu API na haya ma haka ne, kowace ƙafa da lambar shaidarta, kai za ka riƙe zaren. Shawarata ka ƙirƙiri taka lambar ta tattaunawa tun daga ƙarar farko, duk ƙafar da ta biyo baya ka rataya ta a jikinta.

Kabiru77:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Mu mun riga mun kafa, amma wani lokaci muna jin kwastoma shi ba ya jin mu. Wani lokaci kuma kiran yana yankewa bayan kamar rabin minti. Me ke kawo haka?

Injiniya_Bashir:
Kusan kullum NAT ne, wato yadda rauta ke ɓoye na'urorin cikin gida a bayan adireshi ɗaya na waje. SIP yana rubuta adireshin na'ura a cikin saƙonsa, in kana bayan rauta sai ya rubuta adireshin cikin gida wanda na waje ba zai iya kaiwa gare shi ba. Kira ya haɗu, murya ta ɓata a hanya. Yankewar da kake gani a wajen daƙiƙa 32 ita ma alama ce, saƙon tabbatar da an ɗauka ne bai iso ba, sai sabar ta gaji da jira ta kashe. Shiga rautarku ka kashe abin da ake kira SIP ALG, ka gaya wa sabar adireshinta na waje, ka tabbata tashoshin RTP a buɗe suke, a Asterisk daga 10000 zuwa 20000 ne in ba a canza ba.

Kabiru77:
Na gode Injiniya, zan duba.

abba_m:
Ku koma kodek ɗin G.729 kawai, wato tsarin da ke matse murya, kilobit 8 yake ci a daƙiƙa maimakon 64 na G.711. An rage nauyi sau takwas.

Nura_J:
@abba_m, ba sau takwas ba ne. Kowane ƙunshin murya yana ɗauke da kanun IP da UDP da RTP, kuma nauyinsu ɗaya ne ko wane kodek ka sa. In an haɗa da na Ethernet, G.711 yana kai wajen kilobit 87, G.729 wajen 31, kowane ɓangare. Kusan sau uku ke nan. Kuma lissafa na Sagir: ko duk mutum 30 suna kan waya lokaci guda, megabit 3 bai cika ba. Ba yawan intanet ne ke kashe murya ba, jinkiri ne da rashin daidaiton isowar ƙunshi. Shawarar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ta ce a yi ƙoƙari kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150. In ya haura sosai za ka ji mutane suna ta katse juna ba da niyya ba. Wani a ofis ya fara ɗora babban fayil, sai muryar kowa ta fara kakkaryewa. A rauta ake gyara wannan, a ba murya fifiko.

Sagir, in kana so ma'aikata su yi waya daga cikin manhajar ba tare da wayar tebur ba, WebRTC za ka duba, fasahar yin kira kai tsaye daga burauza. Duk manyan burauzoji suna da shi, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C ta tabbatar da shi a 2021, kuma yana amfani da kodek ɗin Opus wanda ya fi jure layi mara kyau. Amma ka tanadi sabar TURN, mai karɓar murya ta miƙa ta gaba, don masu aiki daga wuraren da katangar tsaro ta toshe hanya. Sannan ka sayo hedfon na kirki. Rabin ƙorafin da ake ɗora wa manhaja na makirfon kwamfuta ne.

Zulai_S:
Tunda an ce sadarwa gaba ɗaya, in za ku haɗa da tura saƙon tes daga manhajar, ga wani abu da ke cin kuɗi a ɓoye. Saƙo ɗaya haruffa 160 ne in duk haruffan suna cikin jerin haruffan tsarin wayar salula na GSM. Harafi ɗaya tak ya fita daga jerin, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ɗan hoton murmushi, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. In ya rabu kashi-kashi kuma, kowane kashi 67 ne. Saƙon da ka lissafa ɗaya sai a caje ka uku. Ka sa manhajar ta nuna wa mai rubutu saƙo nawa zai fita kafin ya tura.

WhatsApp kuma nasa dokokin daban. In kwastoma ya yi maka magana kana da awa 24 ka amsa yadda kake so, bayan nan sai da samfurin saƙon da aka riga aka amince da shi.

Lauya_Aminu:
Ban ga wanda ya tsaya a kan naɗar murya ba, alhali ita ce ta fi iya jawo wa kamfani shari'a. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani wuri yardar mutum ɗaya cikin masu maganar ta isa, wani wuri sai kowa ya yarda, a Amurka ma jiha da jiha ba ɗaya ba ne. In kuna da kwastomomi a Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 ta shafi muryar da lambar wayar duka, kuma mutum yana da ikon neman a ba shi bayanansa ko a goge. To in ya nema, kun san inda kowane fayil yake? Ku yanke tun yanzu tsawon lokacin da za ku ajiye, da wanda ke da izinin saurare, kuma manhajar ta rubuta sunan duk wanda ya buɗe.

In ana karɓar lambar katin banki ta waya, ƙa'idar tsaron katunan banki ta PCI DSS ta hana ajiye lambobin tsaron nan na bayan kati bayan an kammala biya, ko da a cikin murya ne. Sai dai a dakatar da naɗa a daidai wurin, ko kwastoma ya danna lambobin da kansa ba tare da ma'aikaci ya ji ba.

Hauwa_Dev:
Ƙari a kan na Lauya: lambar da ta fito a allo ba shaida ba ce. Ana iya ƙirƙirar ta, shi ya sa Amurka ta tilasta wa manyan kamfanonin waya tsarin tantance lambar mai kira na STIR/SHAKEN a 2021. Hatsarin katin nan shi ne ma'aikaci ya ga suna ya fito, ya saki jiki, ya ce sannu Alhaji wane, ya fara karanto masa bayanan asusu. Tambayoyin tantancewa suna nan daram ko kati ya fito ko bai fito ba.

Sagir_Kod:
Kai jama'a, na janye maganar sauƙi. Amma har yanzu ba a amsa mini ainihin tambayar ba. Namu ko haya?

dan_sabar:
Mutum nawa ne a sashenku suka san SIP? In kai kaɗai ne, kuma yau ka fara jin NAT yana hana murya wucewa, amsar ta fito. Ranar da ka tafi hutu waya ta ɗauke, wa za a kira?

Injiniya_Bashir:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Amma a duba ɗaya gefen. Haya da minti ake biya, mutum 30 suna waya wuni guda kullum, lissafin yana hawa da sauri. Sannan ka tambaya ko suna da lambobin ƙasar da kake aiki, ko za ka iya shigo da tsohuwar lambarku da kwastomomi suka sani, da kuma inda sabarsu mafi kusa take. In muryar sai ta tsallaka wata nahiya ta dawo don mutum biyu da ke gari ɗaya su yi magana, jinkirin da Nura ya ambata zai same ka. Kiran gaggawa ma abin tambaya ne, ba kowane mai haya ke kai shi ba.

Malam_Tukur:
Ku biyun kuna da gaskiya, shi ya sa ni ba zan zaɓa masa ba. Abin da zan ce, ko wanne ka ɗauka kada ka bar sunansa ya bazu cikin manhajarka. Ka rubuta ƙaramar manhaja a tsakani wadda ita kaɗai ta san yaren mai wayar, tana fassara shi zuwa kalmominka: kira ya shigo, an ɗauka, an miƙa, an gama. Babbar manhajar waɗannan kawai za ta sani. Ranar da za ku sauya, ɗan tsakanin za a sake.

Kuma ka gina shi da sanin cewa sanarwa tana iya zuwa sau biyu, ko ta an gama ta riga ta an ɗauka isowa. Na uku, wanda na fi damuwa da shi: in manhajar kwastomomi ta faɗi, dole waya ta ci gaba da ƙara. Na ga inda aka sa kira yana jiran rumbun bayanai ya amsa kafin a tura shi ga ma'aikaci. Rumbun ya yi nauyi, mai kira yana jin shiru, ya kashe. Ka ba binciken daƙiƙa ɗaya ko biyu, in bai dawo ba kira ya wuce ba kati.

Nura_J:
Akwai ma hanya ta uku da ba a ambata ba. In ofishinku yana kan Microsoft Teams, ana iya shigo da layin waya cikinsa ta Direct Routing, sai dai yana buƙatar na'urar SBC, mai gadin iyakar layin waya da Teams, a tsakani. Amma ga masu amsa kira da layin jira da rahoto irin na Hajiya Ummi, sai ka duba da kyau ko zai ishe ku ba tare da ƙarin wata manhaja ba.

Ummi_Kulawa:
Ni dai duk wanda za ku zaɓa, ku zaunar da biyu daga cikin masu amsa wayar a wurin gwaji, ku ce su miƙa wa juna kira sau biyu, ɗaya ya sa a jira, ɗaya ya kashe bisa kuskure ya sake kira. Sannan ku buɗe tarihin kwastoman ku ga layi nawa aka rubuta.

dan_sabar:
@Injiniya_Bashir, maganar kuɗin minti da ka yi, ka sa albashin wanda zai kwana da sabar a lissafin? Da saba ta biyu don ranar da ta farko ta mutu?

Injiniya_Bashir:
Na sa. Ya danganta da yawan mintunan, kuma Sagir bai faɗa mana ba. Sagir, ka karɓo rahoton kira na wata uku daga kamfanin layinku: nawa ke shigowa, nawa ke fita, tsawonsu, da awar da ta fi cunkoso. Da wannan za a yi lissafin Erlang a san layi nawa kuke buƙata a lokaci guda, don ba lallai ne 30 ba.

Sagir_Kod:
Zan nema gobe in sha Allah. Na fara duba lambobin kamar yadda Hauwa ta ce, na tarar da wasu ma an rubuta suna a gidan lamba. @Hauwa_Dev, waɗanda libphonenumber ya ƙi karɓa, gogewa kike yi ko ware su kike yi a ba wani ya bi su da hannu?

Kabiru77:
Na kashe SIP ALG, yankewar ta daina. Amma har yanzu ma'aikaci ɗaya da ke aiki daga gida ba a jin sa. Shi ma rautarsa ce?